Sandar sinuka da iccen mangwaro, tsamiya ko kanya: amsar tambayoyin da kuke ta yi min

Ni dai ba injiniya ba ne, teburin sinuka biyu gare ni a bakin layinmu, kuma yara ne suka koya min gyaran sanda dole saboda ba sa barin sanda ta yi wata uku lafiya, wannan ya dogara da ita kamar tsoho wancan ya buga ta da ƙasa don ya zubar da baƙa. Daga manna kan fata a bakin sanda na fara, har na kai ga zama wajen wani kafinta mai injin juya katako muna fere sanda tare. Toh tunda aka ga wata sanda da na yi wa gindi da tsamiya tambaya ta ƙi ƙarewa, kowa akwai mangwaro ko gwaiba a gidansu da yake ganin asara ce a yi makamashi da ita. Ga amsoshin nan na tara wuri ɗaya don bakina ya huta.

Wai a taƙaice, iccen da ke 'ya'ya yana yin sandar sinuka ko ba ya yi?

Yana yin gindi, amma yawanci ba ya yin gaba. Wanda ke sauri ya tsaya nan ma ya samu amsa.

Mene ne kuma gaba da gindi, sanda ba sanda ba ce?

A ido ɗaya ce amma aiki biyu take yi. Gaba shi ne siririn ɓangaren nan da ke zamewa a kan yatsunka, wanda ke ɗauke da kan fata da ake goga wa alli. Gindi shi ne mai kaurin da kake riƙewa a baya. Cikakkiyar sanda tsawonta inci 57 zuwa 58 ne, wato wajen santimita 147, kuma in mai haɗi a tsakiya ce kowane rabi zai kama inci 29. Nauyi kuma yawanci giram 500 zuwa 600.

Abun da mutane ba su lura da shi ba, wasan da muke kira sinuka a nan yawanci ba shi ne sinukan da ake nunawa daga Ingila ba, namu mai ƙwallo 15 har da baƙa mai lamba 8 ful ne sunansa. Sandar ful ta Amurka kaurin bakinta milimita 12 zuwa 13 ne don ƙwallonsu babba ne, milimita 57. Ta asalin sinuka kuwa bakinta milimita 9 zuwa 10 ne kacal. Yanzu ka tsaya ka yi tunani, katako mai tsawon inci 29 da zai sirance ya koma kamar biro a ƙarshe, ana dukan abu da shi sau dubbai, rana ta dake shi damina ta dake shi, kuma ana so ya tsaya cak kamar igiyar magini. Ba kowane icce zai iya wannan ba. Gindi shi ba ruwansa da duk wannan wahalar, ya yi nauyi ya yi kyau shikenan.

Su masu yin sandar a waje da wane katako suke yi?

Biyu ne suka mamaye harkar. Amurkawa mapul suke amfani da shi, bishiyar nan da ganyenta ke jikin tutar Kanada, wadda ake tatsar ruwanta a dafa ya zama kamar zuma. Fari ne, jikinsa sumul ba rami ba kaushi. Turawan Ingila kuma ash suka fi so, shi ne za ka ga wasu layuka masu kama da kan kibiya a jikin sandar, wasu 'yan wasa da su suke saiti. Ronnie O'Sullivan, zakaran sinuka ɗan Ingila, ash yake riƙewa, kuma John Parris na Landan ya daɗe yana yi masa sanda. Stephen Hendry ɗan Sikotland kuwa da sandar mapul mai araha ya ci kofin duniya sau 7, har sai da ta karye a cikin kayan jirgi a 2003.

Dukkansu biyun bishiyoyin daji ne da ke tashi a cunkushe, kowace na neman rana sai ta miƙe sama sambal ba reshe har tsawon mutum uku ko huɗu. Nan sirrin yake. A gindi kuma sai su sa eboni ko kokobolo ko wani katako mai nauyi mai ado.

Amma na ji ance iccen tuffa ya fi mapul tauri, to me ya hana?

Gaskiya ne ya fi shi. Akwai wani awo da ake kira Janka, ana danna ƙaramin ƙwallon ƙarfe a jikin katako a ga ƙarfin da ake buƙata kafin rabinsa ya nutse. Mapul yana ba da 1,450, ash 1,320, tuffa kuwa 1,730. Shi ya sa a da can ake yin mariƙin zarto da shi a Amurka.

Matsalar tauri daban, ƙin lanƙwasa daban. Tauri shi ne ka soka farce ko ƙusa ya ƙi shiga. Ƙin lanƙwasa shi ne ka danne tsakiyar sanda ta ƙi rusunawa, in ma ta rusuna ta dawo daidai nan take. A wannan awon tuffa wajen kashi 70 cikin 100 na mapul take. Sannan tana tsukewa sosai in tana bushewa, tana murɗewa. Kaga ta fi nauyi, ta fi laushin baya, ta fi motsi, abu uku kenan da ba a so a gaba. Mutane suna zuwa min da maganar "wallahi iccen nan ƙarfe ne gatari ma tsalle yake a kai", ni kuma ina ce musu ai tabarya ma ƙarfe ce amma ba a buga sinuka da ita.

Me ya sa bishiyar 'ya'ya ba ta bada dogon katako miƙaƙƙe?

Don ba katako aka shuka ta ta bayar ba. Mai lambu so yake ta yi gajarta ta baje don hannu ya kai, sai ya yi mata aure ya datse kanta, daga gwiwa ko ƙugu ta fara raba rassa. Duk inda reshe ya fito akwai ido a cikin katakon, kuma jijiyar icce kewaye idon take yi, in ka fere wajen ya sirance to nan zai karkace ko ya ɓalle.

Sai mutum yace to ai ga wani reshe can dogo miƙaƙƙe. Dan Allah ka rabu da reshe. Reshe shekara da shekaru yana kwance yana ɗauke da nauyin kansa da na 'ya'ya, ɓangaren sama a ɗaure yake tamau kamar tsirkiyar baka, na ƙasa a danne. Yana jikin uwa ba ka gani, ranar da ka yanke ka fere sai duk wannan ƙarfin ya saki, sanda ta koma siffar da ta ga dama. Kututture kawai ake nema, shi ma wanda ya tashi tsaye ba wanda ya jingina ba.

Mangwaro fa? Shi ne ya fi yawa a wajenmu kuma yana da kauri.

Hmm, mangwaro. Shi ya fara koya min hankali. Wata damina iska ta kada wani tsohon mangwaro a bayan gidanmu, irin na gargajiya mara aure mai kututture kamar randa, na ce shikenan na daina sayen sanda. Na kai aka tsaga min, na jingina shi a soro wata biyu na ga ya yi fari ya yi sauƙi na ce ya bushe. Kafintan nan ya duba ya ce min "maigida wannan da sauransa", na ce kai dai ɗora a inji. Muka fere sanda guda ɗaya doguwa ba haɗi, aka bi ta da samfefa aka shafa mai, wallahi ranar har hoto aka yi ta ɗauka, jikinta ruwan zuma da wasu baƙaƙen zane kamar an yi da alƙalami. Sati uku ta yi a miƙe. Hunturu na shigowa na ɗora ta a tebur na mirgina sai ga bakinta yana ɗagawa yana faɗuwa, ƙwas ƙwas ƙwas, kamar kaza na tsattsagar dawa. Kafin azumi ta zama baka sosai, yara suka sa mata suna wutsiyar kare. Daga baya kuma na fara ganin wani gari gari a ƙasan inda take jingine, ashe ƙwari sun shige ta suna ci daga ciki.

Toh laifina ne rabi, na mangwaro rabi. Shi a awon Janka 1,070 yake, bai kai mapul ba, jijiyarsa kuma sau da yawa a sarƙe take ba ta tafiya layi ɗaya, ga ƙwari da fumfuna suna sonsa kamar me. Wancan baƙin zanen da ya burge mu ma fumfuna ce ta fara cinsa. A gindi yana yi in ya bushe da gaske, musamman gajerun guntaye na ado, sai dai ba shi da nauyi sosai sai an ƙara masa. Kuma ka rufe hanci ka sa riga mai dogon hannu in kana goge shi, ƙurarsa tana sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, danginsu ɗaya da kashu, wanda ya san abun da ƙwallon kashu ke yi wa fata ya gane.

Tsamiya?

Ita ce na fi so duk cikinsu. Taurinta a Janka ya haura 2,600, kusan ninki biyu na mapul. Amma a sani kala biyu ce a ciki, na waje fari ne mai ɗan rawaya kuma shi ne mai yawa, zuciyar ce mai duhu, ja ja baƙi baƙi, kuma sai tsohuwar bishiya ake samunta da kauri. Zuciyar ake nema. Farin ƙwari na cinsa. In ka goge zuciyar tsamiya da samfefa mai laushi tana sheƙi tun kafin ka sa mata komai, a hannu kuma sanyi gare ta da santsi kamar dutse.

Wahalarta tana dakusar da kayan aiki, kafintana sai da ya wasa kurfi sau huɗu a gindi ɗaya yana ta mita, kuma tana tsagewa in aka busar da ita da gaggawa. Sai kuma matsalar samun mai sare ta, kun san maganar mutanenmu a kan tsamiya da masu zama a kanta, akwai mai injin yanka da na kira ya zo ya ga bishiyar a kwance ma ya ce shi dai a nemi wani.

A gaba kar ka soma. Nauyinta ya yi yawa.

Wai me nauyi ke ɓatawa a gaba? Ni gani nake mai nauyi ta fi bugu.

In tsakiyar farar ƙwallo kake buga kullum ba za ka gane ba. Ranar da ka buga ta gefe don ta juya, ƙwallon tana ture bakin sanda gefe guda, sanda ma tana ture ƙwallon ɗaya gefen. In bakin sandar mara nauyi ne shi zai kauce ƙwallon ta tafi kusan inda ka saita. In mai nauyi ne ba zai kauce ba, ƙwallon ce za ta kauce, sai ka ga ka saita rami ta wuce ta gefe kana zagin tebur. Saboda wannan ne ma kamfanoni ke huda cikin inci biyar ko shida na bakin sanda su bar shi fanko don ya rage nauyi. Kai kuma ka zo za ka sa tsamiya a wajen.

Da gaske ne kanya 'yar'uwar eboni ce?

Da gaske ne, gida ɗaya suka fito, masana tsirrai Diospyros suke kiran dangin duka. Baƙin ebonin nan da ake sarowa a Kamaru da Gabon wanda ke gindin sandunan Ingila masu tsada ɗan'uwan kanyar da muke tsinka muna yara ne. Akwai wata 'yar'uwarsu a Amurka, fasimon, ita ma 'ya'yanta ake sha, da ita aka daɗe ana yin kan sandar wasan golf kafin ƙarfe ya karɓe.

Sai dai kar ka sa rai za ka tsaga kanya ka ga baƙi ƙirin kamar gawayi. Yawanci fari fari ne ko toka toka mai ɗan ja, baƙin sai a tsakiya can kuma ba kowace ke da shi da yawa ba. Amma tana da nauyi, jikinta a matse yake, gara ba ta cika damunta ba, kuma a bakin rafi tana yin dogon kututture wanda mangwaron lambu ba zai taɓa yi ba. Cikin duk itatuwanmu masu 'ya'ya in dole sai na yi gaba da ɗaya to ita zan gwada, shi ma don sandar fasa ƙwallaye ta farkon wasa wadda ba a neman laushin hannu a cikinta.

Gwaiba da lemo da aduwa fa?

Gwaiba ƙarfi kam akwai, duk wanda ya yi danƙon harbi da ita ko ya sha bulalarta ya sani. Amma ina za ka samu inci 29 miƙaƙƙe a jikin gwaiba? Ko inci 12 sai ka zagaye lambu. Lemo ma haka, katakonsa rawaya ne mai kyau mai santsi amma gajere ne. Su biyun zobe ake yankawa da su ko 'yan guntaye a jera a gindi, farin lemo kusa da duhun tsamiya yana bada kala sosai.

Aduwa ita ce allon makaranta, to kaga an daɗe da sanin tana goguwa ta yi sumul kuma tana jure wanki da shanya. Tana yin gindi. Kututturen nata ne dai yake da lunguna kamar an naɗe zani, sai ka yi asarar da yawa kafin ka fitar da guntu mai kusurwa huɗu.

Gwanda ko kuka?

Haba dai. Gwanda cikinta rami ne, kuka kuma soso ce.

Giginya da goruba?

Waɗannan ba irin sauran itatuwa ba ne, ba su da zoben shekara, jikinsu tarin zaruruwa ne masu tauri a cikin abu mai laushi, kuma ƙarfin a bayan yake, tsakiyar ba ta da amfani. Wanda ya taɓa ɗaukar azara ya san yadda take soke hannu. A waje ana sa irin wannan baƙin katakon na dangin giginya a gindin sanda saboda ɗigo ɗigon da yake bayarwa, amma sai an shayar da shi gam ya cike ramukan tukuna, in ba haka ba yana kan inji zai dinga tsigewa. A gaba kuwa yatsunka ne za su gaya maka.

To a ƙasashen waje babu wanda ya taɓa yin gaba da iccen 'ya'ya?

Akwai guda ɗaya da ya samu shiga, fiya. Ba fiyarmu ta nan da ake shafa wa burodi ba, ta turawa mai kama da tuffa mai dogon wuya. Wasu masu yin sanda a Ingila suna yin gaba da ita, jikinta sumul ne fiye da mapul ma, launinta ja ja mai haske, nauyinta kusan ɗaya da mapul, kuma in ta bushe ba ta cika motsi ba, shi ya sa a da ake yin rula da sarewa da ita. Bishiyar tana girma ta yi tsawo in an barta ba a datse ba. Duk da haka 'yan kaɗan ne ke riƙe ta, ta fi mapul lanƙwasa, wasu na son hakan wasu na cewa kamar suna buga ƙwallo da tsumagiya.

Zaitun kuma ana sa shi sosai amma a gindi, zanensa kamar hayaƙi, taurinsa 2,700. Yana da maiƙo a jiki, sai an goge maiƙon kafin gam ya kama. Ceri na Amurka 950 yake, ya yi laushi, kujera da kabad ake yi da shi.

Na samu kututture, yaya zan busar da shi?

Nan ne kowa ke faɗuwa, har ni. Ranar da aka yanke, ranar za ka tsaga, kar ka bar shi gungume don daga cibiya yake fara tsagewa. A fitar da guntaye masu kusurwa huɗu, kauri kamar inci 2, tsawo inci 14 zuwa 18, kuma a kauce wa cibiyar gaba ɗaya. A ɓare ɓawon don nan ƙwari ke kwana. Sai ka narka kyandir ka tsoma bakin kowane guntu sama da ƙasa, in ba kyandir fentin mai ma ya yi, saboda ta baki ruwa ke gudu da sauri shi ke sa ya dare. Ka jera su a ɗaki mai iska, ba rana ba, ba ƙasa ba, da 'yan sanduna a tsakaninsu.

Sai jira. Ƙa'idar da masu katako ke bi ita ce shekara ɗaya ga kowane inci na kauri. Wajenmu da zafi da hunturu yana iya fin haka sauri, amma saurin ba alheri ba ne. Kamfanoni suna kai danshin katakon kashi 6 zuwa 8 cikin 100 kafin su taɓa shi. In ba ka da na'urar awon danshi, ka ari sikelin mai shago, ka auna kowane guntu ka rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa da fensir, duk wata ka sake. Ranar da ka ga wata uku a jere lambar ba ta sauka ba to ya tsaya.

Ko ya tsaya ba a fere shi rana ɗaya. Ka mayar da shi zagaye ka rataye shi wata ɗaya, ka rage milimita biyu ka sake ratayewa, haka haka. Duk ragin da ka yi katakon zai ɗan motsa, ragi na gaba ya gyara. Masu yin sandar kirki suna ɗaukar watanni har shekaru a kan wannan, kuma wanda ya ƙi daina motsi jefar da shi suke yi ba sa lallashi.

Wadda na saya ta waje ma ta karkace, to ina bambancin?

Yanayinmu ba ya raga wa kowa. A hunturu danshin iska yana sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta ya haura 70, katako kuma shan ruwa yake yana fitarwa duk rayuwarsa. Amma rabin sandunan da ake kawo min ba yanayi ya kashe su ba, jingina ce. An jingina ta da bango a karkace ƙarƙashin rumfar kwano wata da watanni, ko an barta a but ɗin mota da rana. Ka tsayar da ita cak ko ka kwantar da ita a wuri mai faɗi, in mai haɗi ce ka kwance ta ka sa a jaka. Kuma a daina goge gaba da jiƙaƙƙen tsumma ana barinta haka.

In katakon ya yi nauyi da yawa ko bai kai ba fa?

Ana huda tsakiyar guntun daga baki zuwa baki a zura wani katakon da aka yarda da shi a ciki da gam, sai na 'ya'yan ya zama riga kawai. Wannan dabarar tana maganin abu biyu, tsamiya ta rage nauyi, mangwaro kuma ya samu ƙashin bayan da zai hana shi karkacewa. In ya yi sauƙi da yawa ana ɗaura ƙusa mai zare a ƙarshen gindi ƙarƙashin robar. Ka ɗora sandar a yatsa ka ga inda take tsayawa, ya kamata ya kama wajen inci 17 zuwa 19 daga gindi. In ta fi haka komawa baya za ka ji bakin yana tashi daga hannunka.

To gaban a ina zan samo tunda kace kar na yi?

Daga gawar wata sandar. Duk mai tebur yana da tarin waɗanda gindinsu ya fashe ko zaren haɗin ya lalace amma gaban lafiya lau, ka mirgina a tebur ka zaɓi mai kyau, ka ɗaga ta ka kalle ta da ido ɗaya kamar mai saita bindiga kana juyawa a hankali. Ko ka sa masu kawo kayan wasanni su kawo maka gaba zalla. Wahalar ɗaya ce, ramin ƙarfen haɗin dole ya zauna a tsakiya daidai, in ya goce ko da rabin milimita ne to gaba miƙaƙƙe gindi miƙaƙƙe amma in ka haɗa sai ta yi rawa. A kan inji ake huda shi, ba da hannu ba. Na ɓata gindi biyu kafin na yarda da wannan.

Yanzu ma akwai gaba na kabon, wani abu da ake sarrafawa a masana'anta ba katako ba, baƙi, tun wajen 2016 da kamfanin Predator ya fito da nasa ya bazu, shi ba ruwansa da damina ko hunturu. Kuɗinsa ne dai sai a hankali.

Katakon gindi yana canza yadda mutum ke wasa?

Kaɗan. Yana canza ƙarar da kake ji da yadda bugun ke dawowa tafin hannunka, tsamiya tana bada wani "tak" mai kaifi, mangwaro nasa a dushe yake. Amma zuwan ƙwallo rami aikin kan fata ne da gaba da hannunka. Akwai wani yaro a wajena da ke cinye kowa da sandar haya wadda robar gindinta ma ta faɗi.

In sare na gidanmu kenan?

A'a dan Allah. Gindi ɗaya guntu biyu ne ko uku, abun da bai fi damtsenka ba, ba za a kada bishiyar da ke ciyar da gida da inuwa saboda wannan ba. Duk damina iska na kada wasu, masu lambu na cire tsofaffi, masu faskare na da su jibge, ka je da 'yan kuɗinka ka zaɓa kafin su sa gatari. In ta daji ce kuma ka fara ganin malaman gandun daji kar ka jawo wa kanka. Mun ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba aka dinga lodinta zuwa Chana har sai da aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya a 2017, ba na so wani ya karanta wannan ya je ya far wa kanyar garinsu.

Za ka yi min ɗaya? Nawa ne?

Ba yanzu ba. Guntayen kanya shida gare ni a rataye, na auna su ranar Juma'ar da ta wuce biyu sun tsaya huɗu suna sauka har yanzu, ɗaya ma ya fara tsagewa ta baki duk da kyandir ɗin. Tsamiyar da ta rage kuma ƙanina ya riga ya rubuta sunansa a jiki da alƙalamin maka. Ka sake tambayata bayan hunturu, kuma in za ka zo ka taho da gaban sandarka.